Ki Fara da Sharaɗi: Yadda Ake Rubuta Littafin Soyayyar Matasa Mai Ƙamshin Tatsuniya

Yawancin rubuce-rubucen da 'yan mata ke turo mini in duba musu, in dai sun ce labarin na soyayya da aljanu ne, ciwonsu ɗaya. Akwai yarima, akwai fada mai ƙofofin zinariya, akwai aljani mai shuɗin ido da ke ɓacewa ya bayyana duk sanda ya ga dama. Amma kafin a kai shafi na arba'in sai ka lura cewa da za a cire aljanin nan a sa ɗan wani attajiri mai jirgin sama, ba abin da zai canza a labarin. Abin al'ajabin ado ne kawai aka yaɓa. Ni kuwa abin da nake so in nuna shi ne yadda ake gina labarin da in aka zare abin al'ajabin cikinsa, soyayyar ma ba za ta tsaya ba. Zan riƙa cewa "ke" domin mata ne suka fi rubuta irin wannan, amma namijin da ke rubutu ya sani da shi ma nake.

Turawa sun daɗe da mayar da wannan abu sana'a. Masu buga littattafai a Amurka da Ingila sun ware rukuni guda na 'yan shekara 12 zuwa 18, kuma da yawa daga abin da ake rubuta musu tsofaffin tatsuniyoyinsu ne ake warwarewa a sake ginawa: waɗanda Charles Perrault ya buga a Faransa a 1697, da waɗanda 'yan'uwan nan biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, suka tattara a Jamus suka fara fitarwa a 1812. Labarin budurwar da ta tafi gidan dodo a madadin mahaifinta, wata Bafaranshiya ce mai suna Villeneuve ta buga shi a 1740, har gobe kuma ana sake rubuta shi ana sayarwa. Mu a nan muna da littattafan soyayya a gefe guda, da littattafan yaƙi masu takubba da matsafa a ɗaya gefen, amma tsakaninsu fili ne fetal wanda kaɗan ne suka shiga. Nan nake so ki shiga, da kayan gida, ba da fadar ƙanƙara da kika gani a fim ba.

Samo tatsuniyar, sannan ki tsare ta da tambaya

In kakarki ko goggonki na raye, daga nan za ki fara. Ki kunna rikodar wayarki ki bar ta ta yi ta yadda ta saba, da waƙar da komai, kada ki katse ta. Daga nan ki nemi wata tsohuwar daga wani gari ta ba ki wannan tatsuniyar dai, domin yadda ake yin ta a Katsina ba lallai ya zama yadda ake yi a Zazzau ko Damagaram ba, kuma sau da yawa a wurin da suka saɓa ne za ki tsinci labarinki. In babu tsofaffi kusa, akwai abin da aka rubuta. Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyin Hausa a manyan littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, marigayi Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya fitar da nasa ƙananan littattafan a farkon shekarun 1970. Ɗakunan karatu na jami'o'in da ake koyar da Hausa su ne wurin nema.

Kada ki ji nauyin canza tatsuniya. Abubakar Imam, a gasar rubutun da aka shirya a Zariya a 1933, ya ɗauki sunan Ruwan Bagaja daga tatsuniyar 'yar mowa da 'yar bora, ya riƙe tafiyar neman ruwan, ya watsar da sauran ya gina nasa labarin daban. Wannan ba sata ba ce.

Abin da tatsuniya ba ta yi shi ne ba da dalili. Tana cewa an yi wata budurwa da ta rantse ba za ta auri mai tabo a jiki ba, har ta ƙare a hannun abin da ba mutum ba. Ba ta gaya miki abin da yarinyar ta gani a gidansu da ya sa take tsoron tabo haka. Tana cewa Ta-kitse, budurwar da ta samu daga kitse, ta narke. Ba ta gaya miki yadda take ji ba kullum da hantsi in tana leƙen sa'o'inta ta kafar ƙofa suna tafiya rafi, ita kuwa an ce rana ba za ta taɓa ta ba. Tsohuwa mai ba da tatsuniya tana da rabin sa'a kafin yara su yi barci, ke kuma kina da shafi ɗari biyu. Waɗannan tambayoyin da ta tsallake su ne aikinki.

Sharaɗin

A nan zan daɗe, domin in wannan ya samu sauran gyara ne.

Ki duba tatsuniyoyin da suka zauna miki a kai tun yarinta, za ki ga kusan kowace tana rataye ne a jikin doka ɗaya. Ta-kitse, yadda aka ba ni ita, budurwa ce da ta samu daga kitsen sa, sarki ya aure ta bisa sharaɗin kada ta shiga rana, kada ta kusanci wuta. Da ya tafi yaƙi kishiyoyi suka tura ta bakin murhu. 'Yar bora da aka ba ƙwai an gaya mata inda za ta fasa da inda ba za ta fasa ba. Ko a labarin Daura, macijin rijiyar Kusugu ba hana ruwa ya yi gaba ɗaya ba, ya ce sai ranar Juma'a, kuma wannan dokar ce Bayajidda ya karya da ya nemi ruwa a daren da ba na ɗiba ba. Yaro ɗan shekara biyar yana jin dokar nan ya san za a karya ta, sai ya gyara zama. Wannan gyara zaman shi kike nema daga mai karatunki.

Sharaɗi mai kyau ana faɗinsa a numfashi ɗaya. In sai kin yi shafi uku kina bayanin zobba bakwai da madubai tara da matakan sarautar aljanu kafin a gane abin da aka hana, kin riga kin rasa mai karatu. Kuma dole ya kasance soyayyar ce da kanta take tura masoyan wajen karya shi. In kishiya ce kaɗai ko wani mugun waziri zai iya jawo masifar, to labarin mugunta kike rubutawa, masoyan 'yan kallo ne.

Bari in ƙago misali mu bi shi tare, don kada maganar ta tsaya a sama.

Zamanin fataucin goro ne, lokacin da ayari kan tashi daga ƙasar Hausa da kanwa da baƙaƙen rini a kan jakuna, ya haye Kwara ta wajen Yawuri, ya ratsa Bargu ya nufi Gwanja, tafiyar watanni. Wani madugu yana dawowa ya tarar kogi ya cika ya batse, goro kuma ba ya jira, in ya daɗe a huhu lalacewa zai yi, dukiyar mutane ce a wuyansa. Sai ya yi alkawari da mai kogin: a bar ayarinsa ya haye, shi kuma ya ba da abin da ke cikin matarsa. Aka haye. Aka haifi Delu. Shekara goma sha bakwai bai gaya wa kowa ba, bai kuma sake bin hanyar nan ba.

Yanzu mai kogin ya aiko ƙaramin ɗansa karɓar bashi, ya zo a siffar baƙo ya sauka a zauren madugu. Ga dokar: ba zai ɗauke ta da ƙarfi ba, sai ta taka ruwa da ƙafarta. Shi kuma in ya sha ruwan gidan, ko da kurɓi ɗaya ne, bashin ya mutu, amma kogi ya sallama shi, ya zama mutum, ba shi ba komawa wurin uwarsa har abada. Wa'adinsa kafin ruwa ya janye.

Ki lura da abin da wannan doka ta yi mana ba tare da mun wahala ba. Ta ɗora wa yarinya bashin da ba ita ta ci ba, kuma duk 'yar shekara goma sha shida da aka taɓa yanke wa hukunci a bayan idonta, ko na makaranta ko na miji, ta san wannan zafin. Shi ne ya sa littafin ya zama na matasa, ba yawan shekarun da kika rubuta a shafin farko ba. Ta kuma sa ceton kowannensu ya zama halakar ɗayan. Da farko Delu so take ya sha, shi kuma so yake ta taka ruwa. In labarin ya yi nisa, ranar da mai karatu za ta gane Delu ta kamu ita ce ranar da ta shigo zaure hannu rabbana, ba ƙoƙo, ko ta yi tuntuɓen ƙarya ta zubar da ruwan da Baba ya ba ta ta kai. Ranar da za a gane shi ma ya kamu ita ce ranar da ya hana ta zuwa wanki bakin kogi. Ba wanda ya ce "ina sonki", amma ba wanda bai ji ba.

Haɗuwar farko

Ga yadda ake yawan rubuta ta: "Delu tana ɗaga ido ta gan shi sai ta ji gabanta ya faɗi, wani irin sonsa ya daki zuciyarta, ta ce a ranta wannan wane irin kyakkyawa ne kamar shi ya yi kansa." Na karanta wannan jimlar, da 'yan canje-canje, a rubutu fiye da yadda zan iya tunawa. Ba ta gaya mana komai game da Delu ba, ba ta gaya mana komai game da shi ba. Ki gwada barin dokar ta yi aikin:

Ta durƙusa ta ajiye ƙoƙon a gabansa, ta ja da baya ta tsaya a bakin ƙofa. Ruwan randa ne da ya kwana, har bayan ƙoƙon yana raɓa. Baƙon ya daɗe yana kallonsa.

"Sannu da hanya. Ga ruwa."

"Na gode. A mayar."

Ta ɗauka kunnenta ne. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa ganin wanda ya keto rana irin ta yau ya ce a mayar da ruwa ba, ko da mai jin haushin gidan ne. Ga leɓɓansa sun bushe har sun tsage.

"Ko azumi ake yi?"

"A'a."

"To ko ƙoƙon ne? Sabo ne fa, Inna ce ta fafe shi."

"Ƙoƙo ba shi da laifi."

Da ta sunkuya za ta ɗauka sai ta ga ruwan ya taru a gefen da baƙon yake zaune, alhali ƙoƙon a daidai yake a ƙasa. Ta ɗauke ta shige ciki. A tsakar gida ta tarar da Baba tsaye da buta a hannu, bai yi alwalar ba, ya tare ta da murya ƙasa-ƙasa: "Ya sha?"

Ban faɗi tsawonsa ba, ban faɗi hancinsa ba. Abin al'ajabi ɗaya ne tak a wurin, ƙarami, kuma ba wanda ya yi ihu a kansa. Haka tatsuniya take yi: cinya da kare suna zaune a bukka suna magana, 'yar bora ta yi sallama ta gaishe su kamar kowa. In jarumarki tana suma duk sanda abin mamaki ya faru, ƙamshin tatsuniyar ya gudu, kin koma fim ɗin ban tsoro. Ƙin shan ruwan kuma ya yi nauyi ne saboda mai karatu Bahaushiya ta san abin da ake nufi in baƙo ya mayar da ruwa. Wannan ribar ba za ki same ta ba in kin kai labarin wata ƙasar da ke kanki ba ki san yadda ake tarbar baƙo a cikinta ba.

Kunya ma riba ce, ba cikas ba. Zance a zaure da ƙanwa zaune a gefe tana kasa kunne, aiken yaro da ɗan tsaraba, sunan da budurwa ba ta iya faɗa sai ta ce "shi" ko "baƙon Baba", duk waɗannan suna ja wa mai karatu rai fiye da rungume-rungumen da ake kwafowa daga wasu wurare. Kuma ki tuna 'yan aji uku na ƙaramar sakandare za su karanta, ko kin so ko ba ki so ba.

Saurayin, da maganar aljanu

Abu biyu nake roƙo. Na farko, ki rage masa shekaru. Halittar da ta shekara dubu uku a duniya tana bin 'yar shekara goma sha shida ba soyayya ba ce, ko da fuskarsa ta saurayi ce. Ɗan kogin nan namu yaro ne a cikin nasu, karo na farko ke nan da aka aike shi, yana tsoron ubansa kamar yadda Delu ke tsoron nata. Su biyun duk 'ya'ya ne da aka tura biyan abin da manya suka ƙulla, kuma wannan ne zai fara haɗa su hira kafin komai.

Na biyu, miskilanci ba hali ba ne da zai riƙe littafi. Jarumin da ba ya dariya, yana daka tsawa, yana mari, sannan a babi na talatin a ce ashe so ne, ya cika rubutun intanet har ya gundure ni, kuma ba na son ƙannenmu su tashi da cewa haka so yake. Ki ba shi abin da ya iya da abin da bai iya ba. Namu ya san sunan kowane kifi, yana jin zuwan hadari tun kwana biyu kafin ya haɗu, amma bai san yadda ake cin tuwo da hannu ba, bai taɓa ganin wuta ba sai a gidan madugu, yakan zauna yana kallon murhu har Inna ta fara zargin ko yana da taɓin hankali. Abin dariya irin wannan shi ke sa a so mutum.

Sai maganar da marubuta da yawa ke kauce wa. Mafi yawan masu karatunki Musulmi ne, aljani a wurinsu ba ƙage ba ne, sura guda ce a Alƙur'ani da sunansu. In kika ɗaura wa jarumarki aure da aljani, ranar da kika saki babin nan masu sharhi za su bar labarin su koma muhawarar halacci da haramci, kuma ba za ki iya dawo da su ba. Ni shawarata ki tsaya a kan halittun da kowa ya san na tatsuniya ne, irin su Dodo, ko mutumin da aka rikiɗar da shi maciji ko tsuntsu yana jiran a warware, ko wanda kamar namu ƙarshensa zama mutum ne. Alkawarin da madugu ya yi da kogi kuma labarin ya san kuskure ne, madugun ma ya sani, shi ya sa ya kasa barci shekara goma sha bakwai. Sunayen iskokin bori kuwa ki bar su inda suke. Masu yi ba su ɗauke su abin wasa ba, masu ƙi ma haka, ke ce kawai za ki tsaya a tsakiya ana jifa.

Mugu ma ki ba shi dalili. Baban Delu shi ne ya fi kowa cutar da ita a labarin, shi ne kuma ya fi kowa sonta. Zai sa a jiƙa wa baƙo fura da ruwan gidan a ɓoye, zai yi masa ƙarya, duk don ya ceci 'yarsa da ran ɗan wani. Mai karatu ta rasa ko ta tsine masa ko ta tausaya masa. Wannan ya fi kishiya mai jan ido da ke zuwa wurin boka ba dalili sai don an ce kishiya ce.

Harshe, waƙa da maimaici

Mutanen zamanin wuri da jakuna ba sa cewa "ok", ba sa duba agogo, ba sa kiran iyayensu da sunayen da 'yan birni ke kira yau. Inna, Baba, Yaya, Goggo, Kawu. Lokaci kuma hantsi ne, da azahar, da la'asar sakaliya, da almuru, da fitowar wata. Kuɗi wuri ne, ana ƙirga shi da zambar, keso guda wuri dubu ashirin. Amma kada ki cika shafi da tsofaffin kalmomin da kika tono don a ce kin iya Hausa. Ɗaya a inda ta dace ta isa, sauran ki rubuta da Hausar da ƙanwarki za ta karanta ba tare da ta tsaya tambaya ba.

Tatsuniya ba ta rasa 'yar waƙa da ake maimaitawa, kuma marubutan yanzu sun yar da ita, abin da ke ba ni takaici. Ki yi taki, gajera, baiti huɗu ya isa. A namu labarin, kogi ne ke kira da dare in gari ya yi tsit:

Delu, Delu, 'yar madugu,
Goro ya haye, bashi bai haye ba,
Taka ruwa, taka ruwa,
Ƙafa ɗaya ta ishe mu.

Ta fito sau uku a littafin, kada ta wuce haka, kuma kowane karo wani abu ya canza. Karon farko Delu kaɗai ta ji, ta ɗauka mafarki ne. Na biyu Inna ma ta ji, a daren ne asirin Baba ya tonu. Na uku muryar saurayin ce, ya juya baitin ƙarshe yana ce mata ta koma gida. Haka ma kai ruwa zaure: ana iya kai shi kullum, amma sau uku za ki tsaya ki nuna shi filla-filla. Kunnen da ya tashi da tatsuniya ya saba da uku, yana jiran na ukun ya bambanta.

Game da wuri, in kin ambaci gari na gaske to ki san shi. Kwarar da ke wajen Yawuri yau ba ita ce ta zamanin fatake ba, domin madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta shanye tsohon garin Bussa da tsibirai da dama. In ba za ki iya bincike ba, ki ƙagi sunan gari ki ajiye shi a bakin wani kogi da ba ki ambaci sunansa ba, ba laifi ba ne. Abin da ba a yafewa shi ne rashin sanin ƙananan abubuwa: yadda ake yayyafa wa goro ruwa a sake naɗe shi da ganye a hanya, aikin jagaba a ayari, warin kwalekwalen da ya sha kifi. Awa ɗaya da wani tsohon mai sayar da goro a kasuwa za ta ba ki abin da zai ishi babi uku.

Ƙarshen labarin, da sakinsa

Dole a biya. Wannan ita ce ƙa'idar da ba na sassautawa in ina duba rubutu. In saurayin ya sha ruwan, to ya rasa uwarsa da gidansa da gaske, kada a babi na ƙarshe a ce mai kogi ya huce ya ba shi izinin ziyara duk Juma'a. In Delu ce ta taka ruwa, to Inna ta rasa 'ya. Za ki iya nemo hanya ta uku, tatsuniya na son mai wayo, amma sai dai wayon ya fito daga cikin dokar da kika kafa tun farko, yadda mai karatu za ta ce kai, ai tun babi na biyu aka faɗa ban lura ba. Abin da ba za ki yi ba shi ne ki kawo wani malami ko wata tsohuwa da ba a taɓa gani ba a shafi goma na ƙarshe su warware komai. In tsohuwa za ta taimaka, a gan ta tun da wuri tana neman a cuɗa mata baya ko a ɗora mata itace, a ga wanda ya tsaya da wanda ya wuce. "Ashe duk mafarki ne" kuwa, wannan cin amanar wadda ta ƙona datarta ce.

Ni da zan ƙarasa wannan, zan sa ya sha ne a ranar da Delu ta riga ta yanke shawarar taka ruwa don ta cece shi, ya riga ta da 'yan daƙiƙu, daga ƙoƙon da ta daina kawo masa, wanda ya shiga har madafa ya ɗauka da hannunsa. Ke kina iya ganin wata hanyar.

Ki gama littafin kaf kafin ki saki babi na farko a WhatsApp ko Wattpad. Masu sharhi suna da daɗi, amma in kina rubutu suna karantawa za su matsa miki ki ji tausayin wanda bai kamata ba, ki ƙara kishiya, ki ja labarin da ya kamata ya ƙare a babi ashirin da biyar har ya kai tamanin. Labarin da aka gina a kan sharaɗi ɗaya ba ya jure ja. Babi ya zama wanda za a karanta a waya a zama ɗaya, kalma dubu ɗaya da ɗari biyar zuwa dubu biyu, ya tsaya a inda wani abu ya canza. Ki sa allon rubutun Hausa a wayarki don ƙ da ɗ da ɓ su fito, domin a labarin da ƙoƙo ke ɗauke da rabin nauyinsa ba kya so a karanta koko. Kafin ki saki, ki karanta wa wata 'yar shekara goma sha biyar babi uku na farko da baki, ki lura da inda ta ɗauki wayarta ta fara dannawa, nan ne za ki yanke.

In kina so ki gwada ƙarfin dokarki kafin ki shiga dogon aiki, ki fara rubuta labarin a gajerce. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata marubuta, gajerun labarai take karɓa, sai ki duba ƙa'idojin shekarar. In kuma bugawa za ki yi a takarda ki sayar a Kano, ki tuna jihar tana da hukumar tace fina-finai da ɗab'i tun 2001, gara ki san abin da take nema kafin ki kai wa maɗaba'a kuɗinki. Sunanki kuma ki sa shi a farkon kowane babi da ƙarshensa, ki ajiye kwafin farko mai kwanan wata a imel ɗinki, domin ana kwashe rubutun mutane a karanta a YouTube ba tare da an tambaye su ba.